Dawowa gida Damagaram bayan shekaru a waje: tambayoyin da ake ta yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗan unguwar Birni ne, na yi shekara 9 tsakanin Aljeriya da Libiya ina aikin gini da fenti, yau shekara 3 kenan da dawowata. Tun da na dawo da wuya sati ya wuce wani bai kira ni ba daga Tamanrasset ko Sabha ko Jidda ko Abijan yace wane ina son zuwa gida amma kaza da kaza na damuna, kuma in ka duba tambayoyin duk kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Abin da na gani da idona ne, da wanda na ji daga bakin waɗanda suka riga ni dawowa.

In sanar da gida ina tafe, ko in faɗo musu kwatsam?

Ka sanar, dan Allah. Na san samari na son su yi sallama a ƙofar gida ba zato a yi ta ihu ana ɗauka a waya, amma tsohuwa mai hawan jini wadda ta shekara 8 ba ta ga ɗanta ba, ba a yi mata haka. Ka faɗa wa mutum biyu ko uku, tsohonka ko yayanka da matarka in kana da aure, ka ce musu satin da kake sa ran isowa, ranar kuwa sai ka shigo ƙasa tukuna don hanya ba ta da tabbas. Abin da ban ba da shawara ba shi ne shelar gari duka tun kana can, don kafin ka sauka a tasha an riga an yi maka lissafin aljihu (duba tambayar masu neman taimako a ƙasa).

Wace hanya zan biyo, kuma waɗanne takardu zan riƙe?

Ya danganta da inda kake. Wanda ya sauka a filin jirgin Diori Hamani na Yamai yana da kusan kilomita 900 a gabansa, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maradi, Tasawa, Takeita sannan Zinder, motocin kamfani irin su Rimbo da STM suna tashi tun kafin asuba su iso da dare, yini guda ne cur a zaune. Mai zuwa ta Kano hanyarsa ta fi gajarta, ko ta Daura ya ƙetare a Dan Barto ya biyo Matamai, ko ta Magarya. Ƴan arewa kuwa Agadas ce sannan Tanut, kuma wannan hanyar kar ka kama ta da labarin shekarar da ka tafi, ka tambayi wanda ya biyo ta cikin watan nan.

Takardu: fasfo ko dantite (katin shaida) mai rai, da katin rigakafi na shawara. In fasfonka ya mutu ko an ƙwace ko ya ɓace, ka je ambasad ko konsila ta Nijar a ƙasar da kake su yi maka lese-pase, takardar dawowa gida ce kawai. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa wani a gida ta WhatsApp. Kuɗi kuma kar ka ɗauro su a jiki ka ratso daji da su, ka turo ta hanyar da ka saba tun kafin ka taso, ka riƙe na guzuri kawai.

Wane lokaci ya fi daɗin zuwa?

In son samu ne, daf da sallah, ƙarama ko ta layya. Dangi na ƙauye da na Yamai duk suna gida, ga hawan Sarki, gaisuwar da za ta ci maka wata guda sai ka yi rabinta cikin kwana uku. Amma sallah tana cin kuɗi, wannan kowa ya sani. In kana tare da yaran da ba su saba da zafinmu ba ka guji Afrilu da Mayu, lokacin nan zafi na wuce digiri 40 kuma shi ne lokacin da ruwa ya fi wuya a garin. Sanyin Disamba da Janairu ya fi sauƙi, sai dai ƙura.

Tsaraba fa? Dangi da yawa, jaka ɗaya.

Nan ne mutane da yawa ke jinkirta dawowa shekara da shekaru, wai sai sun tara abin da za su raba. Wallahi na san wanda ya ƙara shekara biyu a Sabha saboda tsaraba, kafin ya iso wadda yake tara wa atamfar ta riga mu gidan gaskiya. Kar ka yi haka.

Yadda na ga ya fi: ka rubuta suna a takarda. Iyaye da kakanni da matarka da ƴaƴanka, su ne masu kaya na musamman, turmi ko jallabiya ko bargo mai kyau ko darduma. Gwaggo da kawu da surukai, turare ko hula ko mayafi. Sauran jama'a kuwa, maƙwabta da yaran unguwa da masu zuwa sannu da zuwa, dabino da alawa da goro sun wadatar, kuma ba sai ka ɗauko su daga can kana biyan kuɗin kilo da na duwan ba, ka shiga Kasuwar Dole ka saya a nan, ba wanda zai tambaye ka rasit. Sannan rabon kar ka yi shi da hannunka. Ka miƙa wa Inna ko babbar yayarka, su suka san wadda aka yi wa rasuwa bara da wadda ta yi fushi tun bikin wance, su suka san gidan da in aka tsallake shi za a shekara ana magana.

Wa zan fara zuwa gaisarwa?

Kwana biyu na farko kana gida, mutane ne za su zo maka, ka zauna a zaure ko tsakar gida ka karɓe su ko da gajiya na cinka, kar ka shige ɗaki ka rufe ƙofa a ce baƙo na barci. Daga rana ta uku kai ne mai tafiya. Kakanni in suna raye, ƴan uwan uba, ƴan uwan uwa, surukai, malamin da ya koya maka allo, limamin masallacinku, mai unguwa, sannan iyayen abokanka. In gidanku na da alaƙa da fada sai babbanku ya kai ka, ba kai kaɗai za ka je ba.

Kuma ka je da ƙafarka, zumunta a ƙafa take. Kiran waya da ka yi ta yi daga can ba ya cire maka wannan. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka bar tsoho ya gama jero gaisuwarsa, ina gajiya, ina hanya, ya mutanen can, ya bayan rabuwa, kar ka katse shi da lahiya lau ɗaya ka ɗauko waya kana dubawa. Mu da muka zauna inda ake gaisuwa a tsaye cikin sauri, wannan ne abu na farko da ke tona mu. Na ƙauye ma kar ka bari su ji labarinka a bakin mutane, in danginku na Mirya ko Gure ko Kance ka ware musu rana, ka kwana ɗaya in da hali.

An yi rashe-rashe da haihuwa da aure da yawa bayana, duk sai na bi?

Ta'aziyya dole, kuma ita ce gaba da komai, ko rasuwar ta shekara 6 ce. Daren da ka iso ka zaunar da tsohuwa ko ƙanwarka ku bi unguwa gida gida a baki, wa ya rasu, wa ya rasu, ka rubuta. Dalili biyu ne. Na ɗaya kar ka shiga gida da fara'a kace ina Baba wane alhali ya shekara 3 a ƙasa, wannan ya faru da ni kuma har yau in na tuna fuskar matarsa sai raina ya ɓaci. Na biyu, mutanenmu suna iya yafe maka rashin tsaraba amma ba sa manta wanda ya dawo bai zo gaisuwar mutuwa ba. Ba wani dogon abu bane, ka yi sallama, ka zauna, kace ashe bayan rabuwa haka Allah Ya yi, ya haƙuri, a yi fatiha, in kana da ɗan abu ka ajiye a gefen tabarma. Barkar haihuwa da ta aure kuwa duk inda kuka haɗu ana iya yi.

Garin ya canza sosai?

Ya faɗaɗa ƙwarai. Inda ka bari gonaki yanzu gidaje ne, wanda ya tafi kafin 2011 bai san matatar mai ta SORAZ ba, ga jami'a da yanzu ake kira André Salifou ta cika gari da ɗalibai, ga adaidaita ko'ina ban da kabu-kabu. Layin Orange da ka bari ya koma Zamani. Amma duwatsun Birni suna nan inda suke, fada na nan, Alhamis har yanzu ranar kasuwa ce, kuma matsalar ruwa da ka sani tun kana yaro ba ta gama barinmu ba, akwai unguwannin da har yau bido da ƴan garuwa ne.

Roƙona ɗaya, ka riƙe bakinka. Kar kuran (lantarki) ya ɗauke kace a can ba a taɓa haka, kar a kawo maka ruwa kace a Tarabulus kaza. Waɗanda kake faɗa wa su suka zauna cikin wahalar duk shekarun da ba ka nan, su suka yi jinyar tsohonka a cikinta. In an tambaye ka labarin can ka bayar, kuma ka faɗi gaskiya har da wuyar da ka sha, don ƙannenka na saurare kuma da labarinka za su yanke shawarar kama hanya.

Gaskiya ne wanda ya daɗe a waje zazzaɓi ya fi kama shi?

Gaskiya ne. Jikin da ya shekara da yawa inda babu zazzaɓin sauro yana rasa sabon da ya yi da shi tun yarinta, shi ya sa in ya kama ɗan dawowa yakan kwantar da shi sosai, yaran da aka haifa a can kuwa abin ya fi haɗari a kansu. In da damina ka zo ko ƙarshenta, gidan sauro tun daren farko. Zazzaɓi ya taɓa ka ko yaro, a je likita a yi gwajin jini ranar, kar a tsaya sayen ƙwaya a tebur. Mai ciwon suga ko hawan jini ya taho da maganin wata biyu ko uku da ordonans ɗinsa, wato takardar maganin da likita ya rubuta masa. Ciki ma sai ya ɗan yi gardama satin farko, ka bi fura da kilishi a hankali.

An koro ni, ban dawo da komai ba. Da wane ido zan kalli gida?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi min da dare, kuma da murya ƙasa ƙasa. Ɗan uwa ba kai kaɗai bane. Duk wanda ke garin nan ya ga motocin da ke sauke mutanen da aka kwaso daga Aljeriya ta Asamaka, maza da mata da yara, wasu da rigar jikinsu kawai, kayan aikinsu da kuɗin da ke hannun mai gida duk sun tsaya can. Ba sata ka yi ba, nema ka je.

Abin da na ga yana kashe mutane shi ne ɓuya. Wani sai ya maƙale a Agadas wata shida yana jin kunya, wani ya shigo gari da dare ya sauka wurin aboki a Garin Malam alhali uwarsa na Zango tana kuka tana zaton ya mutu a sahara. Ka tafi gida. Ka samu tsohonka ko kawunka ku kaɗai ka faɗa masa yadda aka yi tun daga farko, shi zai tare maka bakin mutane. Masu magana za su yi, sati biyu ne su samu wani zancen. In da bashin kuɗin mota da aka ci don tafiyarka, ka je wurin mai shi da kanka tare da babba a tsara yadda za a biya, kar ka bari ya aiko. Kuma sana'ar da ka koyo tana hannunka ba a ƙwace ta a boda ba, mai iya sa karo (tayil) ko fenti ko walda ko gyaran firji ba ya rasa aiki a garin da ake gini kullum, ni da bokitin fenti na aro na fara.

In kuma barci ya ƙi, kana ta ganin abin da ya faru a gidan yari ko a hanya, kana firgita, kar ka riƙe shi kai kaɗai kuma kar ka nemi maganinsa a ƙwaya. Ka samu wanda ya biyo hanyar ku yi magana, ka je likita ka faɗa musu.

Kowa na zuwa da matsalarsa, ya zan yi kar kuɗina su ƙare kuma kar a ce na yi rowa?

Tun kafin ka iso ka raba kuɗinka uku a ranka: jari, na gida, na jama'a. Na jama'ar ka canza shi ƙanana, in ya ƙare ya ƙare, jari kuwa ko kai kanka ka ɗauka ba naka bane. Wanda ya zo da ordonans ka karɓi takardar ka aika yaro parmasi. Wanda ya zo da zancen rance mai yawa, in ba za ka iya ba kace masa wallahi ba hali, ga jika 2 ka yi haƙuri, ya fi ka ce sai gobe kana ɓuya. Kuma in ka ba ɗan uwa, ka ƙudurta kyauta ce, bashi tsakanin dangi shi ke raba zumunci.

Wata na farko kar ka canza mota kar ka yi ta yanka, yadda ka fara haka za a auna ka.

Na yi shekaru ina aiko kuɗin gini, na zo na tarar ba haka ba. In yi rigima?

Kar ka yi magana ranar da ka gani, zuciya na tafasa. Ka kwana uku. Sannan ka zauna da wanda ka wakilta ku biyu, ka ɗauko rasit ɗin aike da ka ajiye, shi ma ya kawo lissafinsa. Sau da yawa za ka tarar kuɗin ba cinye su aka yi ba, shekarar da damina ta ƙi an sayi hatsi, an kwantar da Inna a babbar likita, an aurar da ƙanwarka, siminti ya tashi, kuma an ji nauyin faɗa maka kana cikin wahala. Wannan kuskurensa rashin faɗa ne, ka nuna ɓacin ranka ka wuce.

Wani lokacin kuwa cin amana ce zalla, ba sai an ɓoye ba. A nan ma manya za ka fara sawa, kawu ko liman ko mai unguwa, kafin a kai ga jastis. Abin da ba a jinkirtawa shi ne takardar fili: ka je meri, ofishin magajin gari, ka duba filin da sunan wa aka rubuta, in ba naka bane a gyara tun masu shaida na raye.

Matata da yarana sun zama kamar baƙi gare ni.

To ai baƙon kai ne. Yaron da ka bari a goye yanzu yana lakkwal, ya san muryarka a waya amma bai san hannunka ba, in ya ɓuya bayan uwarsa kar ka ji haushi kuma kar ka fara da tsawa don a san uba ya dawo. Ka kai shi makaranta da safe, ka tafi da shi masallaci, ku ci a kwano ɗaya, cikin ƴan makonni zai fara bin ka da kansa.

Ita kuwa uwargida, shekarun nan ita ce uwa ita ce uba, ita ke neman ruwa, ita ke kai yaro likita tsakar dare, wataƙila ta fara sana'arta tana adashi. Kar ka zo rana ɗaya ka rushe tsarin da ta gina. Ka tambaye ta yadda ake yi, ka yi mata godiya da bakinka, kuma duk wanda ya zo maka da ance ance a kanta kace ya zo ya maimaita a gabanta. Zancen ƙarin aure a watan da ka sauka, ni dai ban ga alherinsa ba ko sau ɗaya.

Yarana a can aka haife su, ba su jin Hausa sosai. Makaranta fa?

Hausa kar ta dame ka, ka sake su cikin yaran gida, kafin wata shida sai sun fi ka iya karin Damagaram. Ka dai ja kunnen masu yi musu dariya. Waɗanda suka tashi da Larabci a Libiya ko Saudiya, makarantar franko-arab, mai Faransanci da Larabci, ta fi musu sauƙi. Ana komawa makaranta a Oktoba, ka zo da takardun makarantarsu na can da takardar haihuwa, in babu ita ka fara nemanta tun da wuri don ba a jarabawa sai da ita.

Ni mace ce, na dawo daga aikatau, ina tsoron bakin mutane.

Ƴar uwa na san naki ya fi namu nauyi, namiji in ya dawo ana cewa ya sha hanya, mace kuwa sai a yi ta tambayar me ta je yi. Ba kowa za ki ba labarinki ba. Ki sauka gidan iyayenki ko na wanda kika amince da shi, ki yi gaisuwa da ta'aziyya yadda na faɗa a sama tare da gwaggo ko yayarki, abin da kika tara kuma ki sa shi da sunanki, fili ne ko dabba ko keken ɗinki, ki riƙe takardar a hannunki. Ki nemi matan da suka riga ki dawowa, suna nan da yawa a gari da wajen Kance da Matamai, sun fi ni sanin abin da za su faɗa miki.

Abokaina na fada fa, na ji kamar ba mu da abin hira.

Haka ne da farko. Wasu sun yi aure, wasu sun zama ƴan kasuwa, wani ya rasu, wani yana jin kamar za ka raina shi. Ka je ka zauna kan benci yadda ka saba, ka sayi shayi da suga, ka fi saurare. Kwana kaɗan za a koma tsokanar da.

Mahaifiyata ta rasu ina can, ban samu jana'iza ba. Na kasa tunanin shiga gidan.

Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Nawa tsohon ma ina Sabha aka kira ni bayan an dawo daga maƙabarta, na yi shekara biyu ina jin ba zan iya ganin zauren nan babu shi ba, kuma jinkirin bai rage min komai ba, sai ma ƙannena da suka ɗauki abin su kaɗai.

Za ka shiga, za ka ga ɗakinta, za ka yi kuka, ka yi abinka ba wanda zai ga laifinka. Mutane za su zo maka gaisuwa sabuwa kamar jiya aka yi, ka zauna ka karɓa. Ka tambayi wadda ta yi jinyarta me ta ce, ko ta bar saƙo, ko akwai bashi a kanta ka biya. Ka bi ƙawayenta da ƴan uwanta ɗaya bayan ɗaya, tsarabar da ka so kawo mata ka kai musu, a wurinsu za ka ji labaranta da ba ka taɓa ji ba. Zancen gado ka bar shi sai an natsu, a kira malami a yi shi a gaban kowa. Washegarin isowarka kuwa, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ka ce wa ƙanenka ko wanda ya sa ta a kabari ya raka ka ya nuna maka wurin.